Zogalen da Shugaba Bai Ci Ba

Har yau ban manta da Larabar da Hajiya Zali, shugabar sashen labarai a gidan rediyonmu na Maraɗi, ta ba ni aikin shirin tunawa da wani babban ɗan siyasa, shugaban jam'iyya, da ya rasu ba. Juma'a za a watsa shi. Dokarta ɗaya ce: duk maganar da za ta fita a iska sai da majiya uku.

Ni kuwa akwai labarin da nake ƙauna. An ce lokacin da aka buɗe jam'iyyu, mutumin nan ya zo kamfen Jiratawa, garin masu noman rani kusa da Maraɗi, ya cire takalmi, ya zauna bakin magudanar ruwa, ya ci kwaɗon zogale kwano ɗaya da manoma. In na rufe ido sai in gan shi: farar riga, koren fili har iyakar gani, ruwa yana wucewa a hankali. Shekarun da ƙasa ta yi ta rikicewa, wannan hoton nake komawa in huta a cikinsa.

Na shiga wani shagon intanet a unguwar Zariya, na samo shafuka biyar masu labarin, na buga su, na kai mata ina taƙama. Ta karanta da jan biro a hannu.

"Malam Sani, shafi biyar na gani, amma baki nawa ne? Duba, duk sun ce 'ruwa yana wucewa a hankali'. Tahi Jiratawa ka samo wanda ya gani da idonshi."

Raina ya ɓaci, amma na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Aka nuna mini Baba Illo, wanda ya daɗe yana raba wa manoma ruwa. Na karanta masa takardar, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, ina nan ranar. Bai ko sauko daga mota ba, hannu ya ɗaga muna. Shoferanshi ne ya sayi zogale, ya ci a tsaye."

"To, Baba, daga ina labarin ya fito?"

"Wani saurayi ɗan rediyo ne ya hwaɗi hakanan da marece. Ya yi muna daɗi, sai muka yi shiru."

Da na dawo na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kwafo daga na gabansa. Mafi tsufa ya rubuta a ƙasa cewa daga wani gidan rediyon Maraɗi ya ji. Ni ne saurayin. Ranar kamfen ɗin babur ya lalace mini a hanyar Jiratawa, na iso an watse, wani mai shayi ya ba ni labari, ni kuma na yi masa ado na watsa. Shekaru suka shuɗe, na yi ta jin sa a bakin mutane har na manta daga bakina ya fara fita.

Ranar Juma'a na cire zogalen daga tarihin marigayin, na faɗa wa masu sauraro dalili da bakina. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji kamar an ƙwace mini wani abu nawa.

Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin shiga aikin jarida, kada yawan shafuka ya ruɗe ku. Ku bi magana har bakin da ta fara fita. Ni da na bi tawa, kaina na tarar a can.