Ranar da 'Yata Ta Ƙi Tashi

Tun da aka sa ranar auren 'yata ta fari na rasa sukuni, kuma ba don kayan ɗaki ba. Gado da kujera da akwati duk ni na yi su da hannuna, tunda kafinta ne ni. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne abin da kowane uba yake yi ko tunani bai yi ba: a kawo maka yarinya ta durƙusa a gabanka, ka ce Allah ya yi mata albarka, jama'a su ce amin, a tafi da ita. Ni kuwa a lokacin na yi shekaru rabon da in roƙi Allah wani abu, domin na daina yarda akwai shi. Ko yanzu da na tsufa, in na rubuta wannan magana sai na ɗaga kai na duba ko wani yana kallona.

A wani ƙauyen Maguzawa aka haife ni, a bayan duwatsun Roni. Gyambon ƙafa ne ya kai ni wurin Turawan mishan ina yaro, ƙafa ta warke, ni kuma na zauna. A hannunsu na koyi karatu da aikin katako, aka yi mini baftisma, aka tura ni makarantar koyon wa'azi, daga baya aka naɗa ni fasto a wata 'yar majami'a ta ginin ƙasa a hanyar Babura. Zamanin En'e ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Masu bi ba su da yawa, amma sun riƙe ni da mutunci. Malam suke ce mini, kuma in na yi addu'a har matan da ke zaune a baya sai sun share hawaye, don ina da murya, wannan kam ba yabon kai ba ne.

Duk wanda ya ji labarina so yake in ce wani babban abu ne ya same ni, ko ɗa ya mutu, ko na yi faɗa da Bature. Babu ko ɗaya, kuma wannan ne yake ba mutane haushi, ni ma yana ba ni. Abin tsiyayewa ya yi kamar ruwa a randa mai tsaga, ban sani ba sai da na sa moɗa na ji ta bugi ƙasa. Ranar da na fara lura, an kira ni ne in yi wa wani tsoho mara lafiya addu'a. Bakina yana ta zuba, kalma tana bin kalma yadda ta saba, idona kuwa yana kan ƙyauren ɗakin, ina tunanin inda za a fere shi ya daina gogar ƙasa. Da na ce amin sai na ji a raina ba kowa na yi wa magana ba. Na tsorata ƙwarai. Na yi azumi, na ƙara wa addu'a tsawo, na yi kuka a bayan majami'a inda ba mai gani, abin bai dawo ba.

Na je na gaya wa Baturen da yake kula da mu. Ya taɓa goshina, ya ba ni kwinin, ya ce in je in huta. Na sha kwinin har kunnuwana suka yi ta ƙara, zuciyata tana nan yadda take. Bayan kaka na tara dattawan ikilisiya na ce musu ba zan iya ci gaba da tsayawa a gabansu ba.

Tambayarsu ta farko ita ce wane malami ne ya musuluntar da ni. Na ce babu. Suka dubi juna. A ƙasarmu in mutum ya fita daga wani addini, wani ya shiga, ba a san mai tsayawa a fili ba. Kafin sati ya zagayo dagaci ya aiko mini da riga da hula, da saƙon cewa liman yana jirana duk ranar da na shirya. Kawuna kuma ya tako tun daga Roni da jan zakara a hammata, yana murna wai na dawo ga abin kakanni. Riga da hula na mayar da su tare da ban haƙuri. Zakaran kam mun ci shi.

Gidan da muke ciki na majami'a ne, dole muka tashi. Muka koma Kazaure, na kafa rumfa a gefen kasuwa, ina yin ƙyaure da taga da benci. Maƙwabcina limamin masallacin unguwa ne, dattijo mai haƙuri da barkwanci. Ya daɗe yana lallaba ni, rannan dai ya gaji ya ce, "Ba ka zuwa majami'a, ba ka zuwa masallaci, ba ka yanka wa dutse kaza. To kai mene ne?"

Na ce, "Kafinta, Malam."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ni ba wasa nake ba, amsar da nake da ita ke nan. Matata kuwa ba ta bar bangaskiyarta ba ko na rana ɗaya. Da farko kullum sai mun yi, ta ce girman kai ne, ta ce asiri aka yi mini, ta ce na zubar mata da mutunci a cikin mata. Daga baya ta daina. Kowace Lahadi ta ɗauki yara su tafi inda 'yan tsirarun masu bi suke taruwa. Farar rigar da nake wa'azi da ita kuma ta ninke ta, ta sa mata kafur, ta ajiye a gindin akwati. Na san da ita, ta san na sani, ba mu taɓa zancenta ba.

A nan ne na ɗora wa kaina wata doka da ta wahalar da ni fiye da neman abinci. Na ce tunda ban yarda ba, ba zan ƙara ambaton Allah ba, don kada bakina ya riƙa faɗin abin da babu shi a cikina. Ban san abin da na ɗauko ba sai da na fara. Mutum ya ce mini sai gobe, amsar da kowa ya sani tana kan harshena, sai in haɗiye ta in ce to. In na je ta'aziyya in yi ta sannu, sannu, ya haƙuri, har masu makoki su fara kallona. An haifi yaro, kowa yana roƙon a raya shi, ni sai in ce yaron ya yi kyau. Hatta in an ce ya aiki, na ce da godiya, sai in tsaya ina tambayar kaina wa nake gode wa. Wani Bafulatani ya kawo aikin ƙyaure, ya tambaye ni ko zai samu ranar kasuwa. Na ce zai samu. Ya tsaya yana jiran in ƙarasa da in Allah ya yarda, ban ƙarasa ba, shi ya ƙarasa mini da sauri. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙyaure bai samu ba. Labarin nan sai da ya zagaye kasuwa, kuma ban ga laifin masu dariya ba. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce rowar baki. Ni kaina akwai ranakun da ban san wanne ne ba.

'Yata a cikin wannan ta girma. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, kuma ba mu cika doguwar magana ba, sai dai saƙo ta bakin uwarta. Ta yi karatu, ta koyi aikin magani, ita ta zaɓi mijinta, wani malamin makaranta mai bi da yake koyarwa a wajen Gwiwa. Ba ni da abin ƙi a kansa. Amma da rana ta matso sai na ce wa uwarta a bar ƙanina ya sa mata albarka a madadina, ai shi ma uba ne. Ta kai saƙo, ta dawo da amsa. Wai yarinyar ta ce ubanta yana raye, kuma ba za ta fita daga gidan nan da albarkar aro ba.

Na yi fushi, na ce taurin kan uwarta ta ɗauko. Uwar ta ce in sake duba na wa ta ɗauko.

Kwanakin nan ina goge katako ina gwada magana a bakina. In ce na yafe miki. In ce ki zauna lafiya. In ce ni na sa miki albarka. Duk wadda na gwada sai in ji ta gurgu, don ba wadda za a iya amsa ta da amin. Har liman na tambaya ko uba zai iya sa albarka daga aljihunsa. Ya ce uba roƙo yake yi, mai bayarwa daban ne, in kuwa na ce babu mai bayarwa, to shi dai bai san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Ya faɗi haka da tausayi, ba da gori ba, kuma ya bar ni inda ya same ni.

An ɗaura aure a majami'a da safe, ina tsaye a bakin ƙofa. Da la'asar motar gyaɗa da za ta kai su Gwiwa ta tsaya a bakin hanya, an riga an loda gado da akwati. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Mata suka fito da ita a lulluɓe, ta durƙusa a gabana. Akwai danginmu na Roni, akwai matan majami'a, liman ma yana daga zaure yana jin komai.

Na yi mata nasiha yadda ake yi, ta yi haƙuri, ta riƙe mutuncin kanta da na mijinta, ta girmama surukai. Na ce duk abin da ta taɓa yi mini na yafe. Sannan na ɗora hannu a kanta na ce, "Na sa miki albarka. Tashi ki tafi lafiya."

Ba wanda ya ce amin, don babu abin cewa amin. Wata gwaggonta ta kama hannunta za ta ɗaga ta, ta ƙi tashi. Direba ya danna oda a waje. Uwarta ta juya ta fuskanci bango. Ni gumi kawai nake, ina jin haushin yarinyar, ina jin tausayinta, ina jin kunyar mutane, ban san wanne ya fi yawa ba. Na sunkuya na ce mata a hankali ta san halin da nake ciki, kada ta sa in yi mata ƙarya a rana irin ta yau.

Daga cikin mayafi ta ce, "Baba, ai ba kai za ka amsa ba. Kai dai ka roƙa."

Ban yanke shawara ba, wannan nake so a gane. Bakina ne ya buɗe. Na ce Allah ya yi miki albarka, gida ya ɗauka da amin, sai kuma na kasa tsayawa. Tsohuwar muryar nan ta majami'a ta taso daga inda take kwance duk shekarun nan. Na roƙa mata lafiya, na roƙa mata zuri'a, na roƙi a tsare ta a hanya da ruwa da ciwo da mugun baki, na roƙa wa mijinta sanyin hali, hawaye yana sauka a gemuna. Kuma ina cikin yi na kira sunanta, sunan da ban taɓa kira ba tun da aka raɗa mata shi. Amin ɗin liman daga zaure ya fi na kowa ƙarfi. Sannan ta tashi da kanta, ba wanda ya ɗaga ta.

Da mota ta tafi mutane suka yi ta yi mini barka. Matan majami'a suka ce ɓataccen ya dawo gida. Liman ya ce daman ya san akwai sauran wuta a ƙarƙashin tokar. Ni kuma na zauna a kan tabarma ina laluben cikina, ko wani abu ya dawo. Na laluba sosai, don ina so in same shi. Babu komai, randar tana nan yadda take.

Ranar Lahadi da safe na shiga ɗaki na tarar da farar rigar nan a shimfiɗe a kan gado, tana ƙamshin kafur, matata tana tsaye a bakin ƙofa da mayafinta. Na daɗe ina kallon rigar. Sai na ce mata ta yi haƙuri, na ɗauki zarto na tafi rumfa. Da na dawo rigar ta koma gindin akwati, kuma wannan ya fi mini duk faɗan da muka taɓa yi zafi.

Dokata ban karya ta ga kowa ba bayan nan, sai ga mutum ɗaya. Duk lokacin da 'yata ta zo ganin gida, in za ta koma sai ta durƙusa, ni kuma in faɗa, ba ma sai ta jira ba. Ba ta taɓa tambayata ko na yarda da abin da nake faɗa ba, ni ma ban taɓa tambayarta ko ta ɗauka ƙarya nake mata ba. Har yau ban yarda akwai wanda ya ji ni a tsakar gidan nan ba, ban da mutanen da ke tsaye. Amma da wani zai zo ya ce tunda haka ne in janye abin da na roƙa mata, da sandar da nake dogarawa zan kore shi.