Jiƙon Goggo da Ƙofar Akurkinta

Goggo ba ta yi boko ba, amma shekara ashirin tana kiwon kaji a bayan gidanta, kuma annoba ba ta taɓa share mata akurki ba. Duk layin sun san dalili: jiƙonta. Ɓawon maɗaci, ganyen darbejiya, tafarnuwa, da wani abu na huɗu da ko 'yar cikinta ba ta sani ba. Kullum da safe takan tace, ta zuba wa kajin a ruwan sha.

Tsoron kada a sace mata sirrin ya sa ta kafa dokoki. Ba mai shiga wajen akurki sai ita. Tana da takalmin roba da ba ya fitowa waje, don kada a ga ganyen da ya manne masa. Sabuwar kaza kuwa sai ta yi sati biyu ita kaɗai a keji a zaure, wai ba a ba baƙo jiƙo sai an ga halinsa.

Wata shekara cuta ta shigo layin, kaji suka riƙa murɗe wuya suna faɗuwa. Maƙwabciyarta mai ɗinki ta wayi gari akurkinta wayam. Goggo na da kaji tamanin da huɗu, su ne cinta, su ne mutuncinta.

Mijin 'yarta likitan dabbobi ne. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, ƙwayar cutar bairas ce. A bar ni in shiga in yi musu rigakafi."

"Daga ina kake?"

"Daga gonakin kaji uku, duk sun kamu."

"To tsaya nan, Likita. Na san idonka da leƙe-leƙe."

Daga bakin ƙofa ya koya mata ɗiga maganin a idon kaza, ta shiga ta yi da hannunta. Don kunyar suruki ta ba shi jiƙon rabin kwalba ya je ya gwada.

Kaji uku suka mutu, tamanin da ɗaya suka rayu.

Bayan wata guda ya dawo da takarda.

"Inna, mun gwada. Jiƙon yana rage wa ƙwayar cutar ƙarfi, amma kaɗan. Abin da ya tsare kajinki ƙofar nan ce, da takalmin, da kejin zaure. Su aka koya mana a jami'a."

"Shekara nawa ka yi a can?"

"Shida."

"Shekara shida ana koya maka rufe ƙofa? Allah sarki."

Yanzu duk wanda ya zo roƙon jiƙo tana ba shi kyauta, tare da gargaɗi: ba ya ci idan baƙon ido ya ga inda ake zuba shi, kuma ba ya shiri da takalmin da ya je kasuwa. Mai ɗinki ta bi dokar, bana kajinta arba'in. Duk lokacin da ta yabi jiƙon a gaban Likita, sai ya duƙar da kai ya ce, "Ai Inna ta san aikinta."