Awon da Labaran Bai Ƙarasa Ba

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 1997, Wanda Ya ba ni aronka Ya karɓi abinSa. Dokta Labaran Idi na Ƙofar Jatau ya rasu a haɗarin mota kan hanyar Kaduna, yana cikin hutun da ya zo daga Ingila. Hannu ne ya rubuta sunan nan. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa faɗarsa ba.

Ban saba yabon 'ya'ya ba, yabo yana lalata yaro. Yau dai babu abin da zai lalata ka.

Da ka gaya mini aikinka auna motsin ruwa ne a cikin ƙwaƙwalwa, na ce, "'Yan ajinku suna ba da magani, kai kana bin ruwa?" Wanki nake yi. Ka ɗiga shuni a kwano, ya bazu ko'ina. Ka ɗiga a ƙyalle, ya bi zare. Ka ce, "Inna, haka ruwan ƙwaƙwalwa yake bin jijiya. In ciwo ya taɓa wuri sai tafiyarsa ta canza, na'urar ɗaukar hoto mai maganaɗisu kuma ta gani." Na ce na ji, ka daina yi mini ɓarnar shuni.

Naka ɓangaren shi ne tsara awon tun kafin a kunna na'ura: ta wace fuska za a auna, da wane ƙarfi, sau nawa za a maimaita. In aka daɗe, majiyyaci ya gaji ya motsa, hoto ya ɓaci. In aka rage da ka, amsa ta fito ƙarya. Na san inda ka samo wannan damuwa. Kai ka yi jinyar mahaifinka da ɓarin jikinsa ya shanye, kai kake juya shi, ka ga yadda kwanciya wuri ɗaya take gallabar mara lafiya.

Akwai shekarar da ka janye sakamakon da har an fara yi maka murna a kansa, don ka gano awonka ya karkata gefe ɗaya. Ka ce wata rana likita zai dogara da shi a kan ran wani. Samarin yau, masu son suna kafin aiki, su ji wannan.

Aikin bai ƙare ba. Matarka Sailuba, wadda kuka yi karatu tare, ita kaɗai ta san inda lissafin ya tsaya. Wurin aikinku sun ce ta koma ta ƙarasa, ko a rufe shi. Mahaifinta, Alhaji Jalo na Gyallesu, ya ce sai abin da na ce, kuma unguwa ta san ra'ayina kan mace ita kaɗai a ƙasar wasu. Har gobe ban so. Amma yada amana a tsakiyar hanya ya fi wannan muni, kuma marasa lafiya ba su yi mana laifin komai ba.

Allah Ya jiƙanka, ɗana, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da mahaifinka cikin rahama. Na yafe maka duniya da lahira. Ina yi wa ƙannenka da abokan aikinka ta'aziyya, da gidan Alhaji Jalo baki ɗaya.

Alhaji, ga amsata: in ta fita takaba, ta tafi. Sailuba, Allah Ya ba ki haƙuri. Ki bar mini 'yarku Lami a ɗakina har ki dawo. Ba zan shagwaɓa ta ba, kin sani, amma a gadona za ta kwana.

Hajiya Hajo Idi,
Ƙofar Jatau, Zariya.