Daƙiƙa Huɗu Tsakanin Kwamfuta Biyu

A shagon tsofaffin kwamfutoci wata malamar makaranta na zaune, tabarau ya zamo mata kan hanci, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Gobe za ta miƙa sakamakon ɗalibanta, ga shi kwamfutarta ta mutu. Mai shago ya ajiye mata kwamfuta biyu, sai yabon mai tsadar yake yi, wai furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ta fi gudu nesa ba kusa ba.

Ba ta musa ba. Ta buɗe jadawalin makin a duka biyun, idonta na kan agogon hannu. Bambancin saurin buɗewar daƙiƙa huɗu ne kacal.

"Haba ɗana, daƙiƙa huɗu za ka sayar min a ninkin kuɗi? Ni da kullum nake rabin awa ina jiran maigidana ya nemo makullinsa? Miƙo min mai arahar."