Zuwa Abuja Neman Hannun Baba

Litinin: Lafiya zuwa Kuchigoro

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar gida a garin Lafiya ni da Baba. Wanzami ne, amma shekara uku ke nan hannunsa na dama yana rawa, aska ta gagare shi. Duk ɗan da aka haifa a zuriyarmu shi ya yi masa askin suna, ga matata saura wata biyu ta haihu. Abin da ya fito da shi ke nan, mutumin da ko Akwanga sai an kai ruwa rana yake zuwa. Ni na ji labarin wani magani da ake yi wa masu rawar hannu ba tare da an tsaga kai ba, na kasa yin shiru.

Mota ta tashi ƙarfe shida da kwata, naira dubu bakwai kowane mutum. A Akwanga na sayi shayi, Baba ya ce ba ya sha. Ƙarya yake yi, tsoron zubarwa a gaban mutane yake ji. Bayan Keffi wani soja ya tsayar da mu, ya nuna zabirar da Baba ya rungume.

"Baba, mene ne ciki?"

"Aska ce da ƙaho, ɗana."

Sojan ya dubi hannun, ya ce, "Da wannan hannu?" Bai yi da mugunta ba, amma Baba ya tura hannun ƙarƙashin zabirar.

Cunkoson Nyanya ya ci mana awa ɗaya da rabi. Da azahar muka sauka unguwar Kuchigoro a Abuja wajen Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta tarbe mu da tuwon masara miyar kuka. Ta ba shi nasa a ɗaki shi kaɗai, ta san yayanta.

Talata: Utako

Ƙarfe tara muka ga likitar ƙwaƙwalwa a wani asibiti kusa da Utako. Bagwariya ce mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja. Ta sa Baba ya zana da'ira, ya zana wani abu kamar sawun kaza.

"Baba, wannan magani sauti ne, kunne ba ya ji," in ji ta. "Za a aske kanka tas, ka shiga inji, a tara sautin wuri ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa, ya ƙona ɗan wurin da yake kawo rawa. Amma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, a wurin yakan ɗan buɗe."

Baba ya gyara zama, an zo fagensa. "Jini ya kwanta a ka ke nan. To wa zai yi mini ƙaho ya zuƙe shi?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce ba zubar jini take nufi ba. Bangon ƙananan jijiyoyin jini ne yake tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa, zafin yakan sassauta shi a wurin na ɗan lokaci, galibi ya koma ya rufe da kansa.

"Kamar tsaga," in ji Baba. "Ka yi ta da tsabta, ta haɗe."

"Yawwa, oga wanzami!"

Rabon da in ga fuskarsa a sake haka na manta. Sai ya tambaya, "Yaushe za a yi? Wata biyu gare ni."

Fara'ar likita ta ragu. Ta ce ba su da injin, sai an fita ƙasar waje, kuma sai an ɗauki hoton ƙoƙon kansa an ga ko sautin zai ratsa. Ko da komai ya yi daidai, wata biyu ba zai isa ba. Ta rubuta ƙwayoyin da za su rage rawar. Na ji kunya ta kama ni, ni na ɗauko tsoho da dogon buri.

Laraba: komawa

Ƙarfe bakwai muka hau mota a tashar Nyanya. Baba yana ta kallon taga, ni ina kallon hannunsa yana kaɗawa a kan zabira. Ina kewar hannun nan ƙwarai, wanda yakan riƙe ƙeyata ranar Juma'a in zai yi mini aski, da sanyin ruwa da ƙamshin sabulu.

Mun wuce Akwanga ya ce, "Sani, gobe ka zo da safe in nuna maka wasa aska."

"Baba, ni malamin makaranta ne."

"Na sani. Ranar suna kai za ka riƙe ta. Ni zan tsaya a bayanka in dafa kafaɗarka, a can rawar ba ta yanka kowa."

Ƙarfe goma sha biyu saura muka iso Lafiya. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa Gwaggo Ladi da likitar da ta gaya mana gaskiya. A ƙofar gida Baba ya miƙo mini zabirar da hannu biyu, na karɓa.