Ragon da Ake Yi wa Wanka

A Legas aka haife ni, inda mahaifina yake dillancin shanu. Da na fara wayo sai ya kai ni ƙauyenmu da ke gabas da Daura, kan hanyar Babban Mutum, wai in zauna wurin kakata Iya in koyi hankali. Sai dai da alama ya manta bai gaya wa mutanen gida dalilin kawo ni ba, domin tarbar matar gwamna suka yi mini.

'Ya'yan baffannina a kwano ɗaya suke cin tuwo, a tsugune, ana ture-ture. Ni kuwa Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ta ware mini farantin tangaran da cokali, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Da safe kowa koko, ni har da dafaffen ƙwan zabo. In na ɗauki tsintsiya a ƙwace, in na bi 'yan mata rijiya a dawo da ni, wai kada wuyana ya ƙage. Aka kuma kafa doka cewa duk wanda ya taɓa 'yar Ikko, wato ni 'yar Legas, jikinsa zai gaya masa. Sunana Zulai, amma babu mai kira na da shi. Hajara, 'yar baffana kuma tsarata, in suna carafke na matso sai ta tattara duwatsun ta ce, "Sannu da hutawa, baƙuwa." Kowa yana ganin na more, ni kuwa kaɗaici kamar ya kashe ni. Ba abin da nake so a duniya irin a ce ni ma 'yar gidan ce.

Bayan sallar isha Iya takan jawo ragowar garwashin murhu, ta zuba gyaɗa a cikin toka, yara su zube a jikinta. Ko a nan ma kujera ake ajiye mini a gefe. Iya gwana ce a tatsuniya, amma tana da aibi ɗaya: ba ta cika kai labari ƙarshe ba. Daidai inda ya yi daɗi sai ka ga kanta ya fara rinjaya.

Wani dare, ana saura kaɗan Babbar Sallah, ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba ni maimaitawa."

Muka ce, "Ta iso, muna ji."

Wai wani rago ne aka sayo daga kasuwa aka ɗaure shi a gindin darbejiya. Kullum a ba shi dusa da harawa, a yi masa wanka da sabulu, maigida da kansa ya zo ya shafa bayansa. Awakin gidan kuwa da sassafe ake kora su daji da sanda, su dawo da ƙaya a ƙafa. Rago ya dubi wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho ya ce, "Baiwar Allah, ke baƙuwa ce a gidan nan? Na ga ba a san darajarki ba." Iya ta shaƙe murya irin ta akuya ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan aka haifi uwata. An taɓa dukanka?" Rago ya ce a'a. "An taɓa zaginka don ka ci shanya?" Ya ce Allah ya kiyaye. Akuya ta girgiza kai ta ce, "To Allah ya sa ka ga bayan Sallah." Washegari sai ga maigida ya fito da dutsen washi, ya zauna, ya dubi rago ya yi murmushi.

Nan Iya ta yi shiru. Muka jira, sai minshari.

Yara suka watse suna dariya, ni kuwa na sulale ɗaki. Na kwanta ina lissafi: ƙwai, inuwa, wanka da sabulu mai ƙamshi, ga shi ba a taɓa duka na ba. Kuma Baba, wanda ya kawo ni, sana'arsa ke nan, kai dabba inda za a yanka ta. Da safe Gwaggo Rabi ta kawo ƙwai, ta matsa dantsena ta ce, "Alhamdulillahi, ta fara cika. Kafin Sallah sai yadda muka yi da ita."

Na ture ƙwan. Aka ce 'yar Ikko ba ta da lafiya, aka yanka mini kaza. Na ga abin yana ƙara lalacewa, na yanke shawarar dole in jawo wa kaina duka. Na ɗauki tulun Gwaggo, sabo fil, na sake shi a gabanta. Ta riƙe hannuwana tana dubawa ko na ji ciwo, sannan ta tambayi wanda ya ajiye tulu a hanya. Hajara ce ta sha dukan.

Da la'asar Hajara ta ritsa ni a bayan rumbu, idonta jajur. Ta ce, "Don kin ga an hana a taɓa ki ko? Wallahi yau ko za a kashe ni sai na..." Ban bari ta ƙarasa ba, na kafa mata haƙora a kafaɗa. Muka kama kokawa har muka faɗa kan shanyar kuka, muka yi kaca-kaca da ita. Gwaggo ta fito a fusace da tsumagiya, ba ta tsaya duba wace ce wace ba, ta shiga zuba mana. Sai da ta tsula mini masu kyau sannan ta ankara, ta saki bulalar ta dafe ƙirji.

Ina kuka, majina har baki, na ce, "Gwaggo, to yanzu an fasa yanka ni?"

Da aka gane inda maganar ta samo asali, Iya ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Da ta lafa ta ce, "Rabi, da ke nake jiya, ashe yarinyar ce ta ji. Kun mayar mini da jika ragon layya. A karɓe farantin nan, ta sa hannu inda 'yan uwanta suke sawa."

Daren nan na tsuguna a kwanon yara. Tuwo da zafi, kafin in kai loma ta biyu an sauke rabi, Hajara ta buge mini hannu ta ce, "Zulai, ci gabanki!" Ban ƙoshi ba, kuma gaskiya na yi kewar ƙwan zabo har tsawon wani lokaci. Amma a jikin Iya na zauna wajen tatsuniya, wani yaro yana taka mini ƙafa. Na tambaye ta yadda aka ƙare da ragon. Ta ce, "An yanka shi mana, dama don me aka sayo shi? Akuya kuwa tana nan da jikokinta, ana ta korar su da sanda."

Na girma na zauna garuruwa da dama, na shiga gidajen da aka karrama ni shekara da shekaru ba tare da an taɓa ɗaga mini murya ba. A irin waɗannan wurare na gane cewa mutane suna lallaɓa wanda suke sa ran zai tafi ne. Wanda suka san yana nan daram, shi suke aike, shi suke yi wa faɗa.

Ranar da Iya ta rasu ina Abuja, ban iso ba sai da aka kai ta. Matan unguwa suka shimfiɗa mini darduma a ɗakin baƙi, aka kawo lemon kwalba, ana ta yi mini gaisuwa a hankali kamar wadda ta zo rakiya. Na zauna idona a bushe, hawaye ya ƙi zuwa. Can sai ga Hajara a bakin ƙofa, zani a ɗaure a ƙirji, fuska duk toka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma uban wa kika bar wa aikin? Kakar wasu ce ta mutu? Tashi ki kama mini tukunyar nan!"

Na cire gyale na bi ta. A bakin murhu, ina riƙe da kunnen tukunya, kukan ya zo mini.