Ƙusar Mai Ciwo

Kun dai san Kawu Nomau bakanike ba ya amsa sallama sai ya waiwaya ya dubi bangon rumfarsa. Ƙusoshi ne jere, kowace ana rataya mata makullin babur ɗaya. In sun cika, aikin ranar ya cika, ko uban wa ya zo. Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, kowane ma'aikaci a Tambuwal ya sayi babur. Ni ɗan ƙanwarsa, na ce ya ƙara ƙusoshi mana. Ya ce, "Ƙara min hannu tukuna."

Ta ƙarshe kullum babu komai a kanta. Wani babban akawu ya taɓa nuna ta, ya ce ai ga wuri.

"Wagga ta mai ciwo ta," in ji Kawu. "Ciwo kakai?"

"A'a."

"To gode Allah, ka taho jibi."

Haka kayan gyara, ba ya sayar da na ƙarshe, wai na ranar tsautsayi ne. Wani ya turo babur tun daga Sanyinna yana neman fulogi, Kawu ya ce ya ƙare.

"Ga guda nan cikin gwangwani ina gani!"

"Shi ma ganinka shikai."

Sai ya kwance na babur ɗinsa ya ba mutumin, shi ya tafi gida a ƙasa. Kai, Kawu!

Da tari ya kama shi, muka yi ta fama ya je asibiti Sakkwato, kullum sai ya ce in sauran ƙusoshin sun yi sarari. Ina za su yi, mu ne dai masu kawo makullan? Rannan na fusata, na cire hularsa na rataya a ƙusar mai ciwo. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "To, gobe."

Kafin la'asar sai ga wani daga Fakku, babur ya lalace, mahaifiyarsa na kwance tana jiran a kai ta asibiti. Kawu ya sauke hular ya mayar kansa, ya rataya makullin. Goben ta zama jibi, jibi ta zama bayan kaka. Bai ga kakar ba.

Har yau abin na ci mini rai, duk mun yi dariyar ƙusar nan, ga mai ciwon zaune ƙarƙashinta. Allah Ya jiƙan Kawu Nomau. Yadda ya riƙa ajiye wa wasu wuri, Allah Ya sa ya tarar an ajiye masa nasa.